An ba ni ranar zaman farko da mai ba da shawara kan damuwa, me zan tarar a can?

Shiru_shiru ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa zuwa wajen masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, terafi ɗin nan da ake ta faɗa, ya taimaka min da bayani. Likitan da nake gani ne ya tura ni, ya ce gwaje-gwajen da aka yi min duk lafiya lau, jini lafiya, zuciya lafiya, amma rashin barcin nan da faɗuwar gaba da kukan da nake yi ba gaira ba dalili ba abin da maganin ciwon kai zai yi musu, gara in je in zauna da wanda ya karanci abin. An ba ni rana sati mai zuwa, kuma tun da aka ba ni ranar wallahi faɗuwar gaban ma sai ta ƙaru.

Ni matsalata ban san me zan je in ce ba. Ba wani babban abu guda ɗaya ne ya same ni ba da zan ce ga shi, abubuwa ne ƙanana ƙanana suka taru, in na fara lissafa su a raina sai in ji kamar in na faɗa wa wani zai ce to wannan ne abin kuka? Ta ina ake farawa? Dole ne sai na faɗi komai da komai a ranar, har abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba? Kuma in na faɗa, a ina maganar za ta tsaya, za a iya kiran mijina ko wurin aikina a sanar da su? Ana ba da magani ne ko hira ce kawai? Zama nawa ake yi kafin a sallami mutum? Sannan, kar ku yi min dariya, da gaske ne ana sa mutum ya kwanta a doguwar kujera kamar yadda ake nunawa a fim?

Ni dai mai saurin kuka ce, ina jin kunyar in je gaban wanda ban sani ba in ɓare baki. Na gode.

Maman_Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na je, na daɗe ina zuwa ma, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɓangaren wadda take zaune a kujerar.

Na farko dai ki sauke wannan nauyin na "me zan ce". Ba ke za ki ja zaman farko ba, mai ba da shawarar ce za ta ja shi. Aikinta ke nan. Yawanci za ta fara da gabatar da kanta, ta faɗa miki yadda take aiki da ƙa'idar sirri, sannan ta yi miki tambaya mai sauƙi irin me ya kawo ki, ko yaushe kika fara jin haka. In kika ce "ban ma san ta ina zan fara ba" wannan ma amsa ce, sun saba jin ta kullum, za ta ce to bari mu fara da barcin, ƙarfe nawa kike kwanciya, ƙarfe nawa kike farkawa, in kin farka me yake zuwa miki a rai. Kafin ki ankara kin yi minti ashirin kina magana. Abin da kika rubuta mana a sama ɗin nan ma ya isa, in kina so ki buɗe wayarki ki karanta mata shi yadda yake.

Zaman farko gaskiya ya fi kama da ɗaukar bayani fiye da magani. Tambayoyi ne birjik: barci, cin abinci ya ragu ko ya ƙaru, aiki, da wa kike zaune, wa kike iya faɗa wa damuwarki, akwai wani ciwo da kike fama da shi, wane magani kike sha, a danginku an taɓa samun mai irin wannan, kina shan wani abu don ki samu barci. Wasu tambayoyin za ki ji kamar me ya haɗa su da abin da ya kawo ni, ki dai amsa iya abin da za ki iya. Tana rubutu lokacin da kike magana, kar wannan ya dame ki, don kar ta manta ne, ba wai kin faɗi wani abin mamaki ba.

Batun faɗin komai kuwa, a'a. Ba dole. Akwai abin da ni sai da tafiya ta yi nisa sosai na iya furta shi, kuma ko da na faɗa ba ta ce min don me ban faɗa tun farko ba. Kina da damar ki ce "akwai wani abu amma ban shirya maganarsa ba tukuna", ƙwararriya za ta ce to, ta wuce. Abin da dai ban ba ki shawara ba shi ne ki ba da amsar da ba haka ba don ki rufe zancen, misali ki ce kina barci lafiya alhali ba kya yi, don a kan abin da kika faɗa za ta tsara aikin gaba ɗaya. Gara "ba yanzu ba" da amsar kare kai.

Kuka kuma, hmm. Ki shiga ɗakin ki duba tebur, za ki ga kwalin tishu a ajiye, kin san ba don ado aka ajiye shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ba ta ce min in yi shiru ba, ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni na yi ya ishe ni sannan ta ce me ya zo miki a rai yanzu da hawayen suka zo. Mun saba in mutum yana kuka kowa ya rufu a kansa da "ya isa, ya isa", to a can ba haka ba ne, kuma da farko shirun nata ya ɗan takura ni, ina ta jira ta ce wani abu. Daga baya na gane shirun nan da gangan ne, fili take ba ni.

Wani abin da nake so ki sani tun yanzu don kar ya zo miki ba zata: ba lallai ki fito kina jin sakayau ba. Wasu suna fitowa da sauƙi a ransu don kawai sun samu wanda ya saurare su, wasu kuma su fito a gajiye lis, kai na ciwo, abin da suka daɗe da dannewa ya taso yana ta yawo a rai har dare. Ni na biyun ne ya same ni a farkon tafiyar, har na ce anya ba ƙara min ciwo ake yi ba. Da na faɗa mata ta ce hakan na faruwa, muka rage gudu, ta koya min yadda zan kwantar da numfashina kafin in bar ɗakin. Don haka in da hali kar ki sa wani aiki mai nauyi bayan zaman, ki bar wa kanki ko awa ɗaya ce.

Doguwar kujera kuwa ban taɓa ganinta ba, kujeru biyu ne muna kallon juna, sai agogo a bango.

Malam_Nas ya amsa:

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, Maman Biyu ta gama rabin aikin, bari in ɗora a kan abin da kika tambaya na sirri da magani, don nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Ki fara sanin wa aka tura ki wajensa, don ba duka ɗaya ba ne. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi cikakken likita ne da ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fannin, shi ne yake rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan adam na asibiti, shi aikinsa gwaji da magani ta hanyar zama da tattaunawa, a mafi yawan ƙasashe ba ya rubuta magani. Sai mai ba da shawara da aka horar, shi ma tattaunawa ce. To in wajen na biyu ko na uku za ki, kar ki sa ran fitowa da takardar magani. In ya ga abin naki yana buƙatar magani zai haɗa ki da likita, kuma ana haɗa biyun a lokaci guda, ba wai sai an zaɓi ɗaya ba. In ma an ba ki maganin ciwon damuwa ki sani ba ya aiki a kwana biyu, yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a fara ganin bambanci sosai, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ne yake rage shi a hankali. Mutane da yawa a sati na farko suke watsar da shi su ce bai karɓe su ba.

Lokaci: zama ɗaya yawanci minti 45 zuwa awa ɗaya ne, da yawa minti 50 suke yi, sau ɗaya a sati. Na farko yakan ɗan fi tsawo saboda cike fom. In lokaci ya cika za ta rufe zaman ko da hira ta yi daɗi, kar ki ɗauka kora ce, akwai wani a bayanki kuma tsarin aikin ne haka.

Fom ɗin da na ce, akwai biyu da aka fi amfani da su. Ɗaya ana ce masa PHQ-9, tambaya 9 ce a kan yadda kika kasance a sati 2 da suka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27. Yana tambayar rashin jin daɗin abubuwan da kika saba so, ƙuncin rai, barci, gajiya, cin abinci, ganin kin gaza, kasa tattara hankali da sauransu. Ɗayan GAD-7, tambaya 7 a kan fargaba da yawan zullumi, jimla 21. Ba jarrabawa ba ce, ba a ci ba a faɗuwa, kuma makin shi kaɗai ba ya yanke hukuncin me yake damunki. Amfaninsa shi ne bayan wasu makonni a sake cikewa a ga lambar ta sauka ko ta hau, don mai ciwon damuwa sau da yawa ba ya ganin sauƙin da ya samu, sai an nuna masa a takarda.

Tambaya ta 9 a PHQ-9 ita ce ko kin taɓa jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da kanki. Ko ba fom za a yi miki wannan tambayar da baki, kai tsaye. Kowa ake yi wa, ba wai an ga wata alama a fuskarki ba ne. Ki amsa da gaskiya. Mutane suna tsoron in sun ce e za a kulle su a asibiti, alhali akwai tazara mai nisa tsakanin wanda tunanin yake gifta masa in abu ya yi zafi da wanda ya riga ya shirya yadda zai yi, kuma aikin ƙwararre ke nan ya tantance. Mafi yawan lokuta abin da ake yi shi ne a zauna a tsara wa za ki kira in dare ya yi miki tsawo, me za ki nisantar daga kusa da ke. In kuma kafin ranar taki irin wannan tunanin ya matsa miki, kar ki jira sati mai zuwa, ki tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, ki tafi da wani.

Sirri. Ƙa'idar aikin ita ce abin da kika faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa. Mijinki ko shugabanki a wurin aiki ko mahaifiyarki in suka kira suna tambaya, ba a ba su bayani sai da izininki. Amma akwai iyaka, kuma wajibi ne a faɗa miki ita tun kafin ki fara magana: in rayuwarki tana cikin haɗari, ko kina shirin cutar da wani, ko maganar ta nuna ana cutar da yaro ƙarami, ko kotu ta nema, a nan za a iya fitar da abin da ya zama dole. Dalla-dallar dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa nake cewa ki tambaya da bakinki a zaman farko: wa yake iya ganin fayil ɗina, me za a rubuta wa likitan da ya turo ni, kuna tattauna maganar marasa lafiya da wani babba da yake duba aikinku? Na ƙarshen nan ana yi, kuma abu ne mai kyau, amma yawanci ba tare da suna ba. In kika ga an yi fushi da waɗannan tambayoyin to wannan ma ya faɗa miki wani abu game da wurin.

Shiru_shiru ta amsa:

Kai na gode ƙwarai, Anti Maman Biyu da Malam, Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji numfashina ya ɗan sauka. Na duba katin, masaniyar halayyar ɗan adam ce aka rubuta, ke nan ba magani a ranar.

Amma akwai abin da ya tsaya min. In dai tambaya za ta yi ta yi tana saurare, to yaushe za ta faɗa min abin da zan yi? Ni fa akwai shawarar da nake so a yanke min, kan aikina, in bari ko in ci gaba, na kai wata da watanni ina juya ta. In zan je in yi ta surutu a ce min "to ke me kike gani" ai da na san me nake gani da ban je ba.

Baƙon_dare ya amsa:

Hajiya wannan tambayar taki ta biyu ita ce tambayar. Ni ban cika son yadda ake zuzuta abin nan kamar duk wanda ya shiga ya dace ba, don haka bari in kawo ɗaya gefen.

Wanda na fara gani, mutumin kirki ne a fuska, amma zaman namu wa'azi ne. In faɗi jimla ɗaya ya yi goma, ya ba ni labarin yadda shi ya sha wahala ya jure, ya ce in cire damuwa a raina. To da cire ta yana hannuna me zai kawo ni? Ga waya tana ta ƙara yana dubawa. Na bar shi na nemi wani, kuma na biyun ne ya yi min amfani, shi kuma in kin ji yawan maganarsa a zama ɗaya ba ta fi rubu'in tawa ba. Don haka ki shiga da sanin cewa ke ma kina auna ta ne, ba ita kaɗai take auna ki ba. Ki ba abin 'yan zama kaɗan kafin ki yanke hukunci, don zaman farko kowa a takure yake, amma in kin ga kullum kina fitowa da jin an raina ki ko ba a ji ki ba, ki faɗa mata, in ba a gyara ba ki nemi a canza miki. Ba rashin kunya ba ne. Su kansu sun san jituwa tsakanin mutum da mai duba shi tana cikin manyan abubuwan da suke sa aikin ya yi kyau ko ya lalace, an daɗe ana bincike a kan wannan.

Akwai kuma abubuwan da ba a ma jira a ga ko za su gyaru. Wanda ya fara yi miki maganar soyayya ko taɓa jiki, wanda ya nemi rance a wajenki ko ya kawo miki harkar kasuwanci, wanda yake ba ki labarin wasu da yake gani har da abin da za ki iya gane su, wanda ya ce ki daina maganin da likita ya rubuta, wanda ya yi miki alkawarin warkewa a zama kaza tabbas, wanda yake yi wa imaninki ko tarbiyyarki izgili ko yake tura miki nasa ra'ayin. Ko ɗaya kika gani ki tashi, kuma in akwai hukumar da ta ba shi lasisi a kai ƙara.

Batun aikinki, gaskiya ba za ta ce miki bari ko kar ki bari ba, in ma ta faɗa a zaman farko ni sai in yi shakkarta, don minti 50 da saninki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ba wai za ta naɗe hannu tana "me kike gani" har abada ba, in haka ne kawai to ɓata lokaci ne, a nan na yarda da ke. Abin da nawa ya yi min da na zo da irin wannan, ya sa na rubuta me nake tsoro zai faru in na yi, me nake tsoro in ban yi ba, sai ga shi ashe ba shawarar ce ta gagare ni ba, fuskar mutum ɗaya nake tsoron gani in na faɗa masa. Muka koma aiki a kan wannan. Ya kuma ce min abu ɗaya kai tsaye, kar in yanke babbar shawara a lokacin da ba na barci, in bari kaina ya ɗan daidaita. To kin ga wannan ai shawara ce.

Ɗalibar_ilimi ta amsa:

Ina karantar fannin ne, ban gama ba, amma bari in sa baki kan "zama nawa" da batun kujera don ba wanda ya taɓo tarihin.

Doguwar kujerar nan daga Sigmund Freud ta samo asali, likitan ƙasar Ostiriya, shi ne yake sa mutum ya kishingiɗa yana faɗin duk abin da ya zo masa a rai shi kuma yana zaune ta bayan kansa. Har yanzu akwai masu bin wannan hanyar, tana ɗaukar shekaru, amma ba ita ce za ki fi tararwa a asibiti ba. Salon saurare ba tare da yanke wa mutum hukunci ba, wanda Anti Maman Biyu ta kwatanta, Carl Rogers na Amurka ne ya yi fice da shi tun wajajen 1940 zuwa 1950. Wanda kuma aka fi yi yanzu kan damuwa da fargaba shi ne CBT, wato hanyar gyara tunani da ɗabi'a ta tattaunawa, Aaron Beck ne ya assasa shi a shekarun 1960 bayan ya lura masu ciwon damuwa akwai wasu tunane-tunane da suke faɗo musu da kansu, a kan su kansu, da duniya, da abin da zai zo gaba, kuma duk munana ne.

In CBT za ta yi miki, Anti Shiru, to ba zaman "me kike gani" ba ne ko kaɗan, har aikin gida ake bayarwa. Za a ce ki riƙa rubuta lokacin da gabanki ya faɗi, me ya faru, me kika ce wa kanki a daidai lokacin, me kika yi bayan nan. Misali an kira ki a ofis, tunanin da ya faɗo shi ne "shi ke nan na yi laifi", gaba ya faɗi, kika ƙi ɗaga waya. A zama na gaba ku baje shi, mene ne hujjar wannan tunanin, sau nawa aka kira ki ya zama ba laifi ba ne. Akwai kuma ɓangaren aiki: mai damuwa yana jira sai ya ji daɗi sannan ya fita ko ya kira ƙawa, su kuma sai su juya abin, a fara yin ƙaramin abu tukuna, jin daɗin ya biyo baya. In tsoro ne, ana tunkarar abin da ake gudu kaɗan kaɗan, saboda gudun ne yake ciyar da tsoron. Irin wannan yawanci zama 6 zuwa 20 ne, ya danganta da nauyin abin. Akwai ma gajeren tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna PM+, zama 5 ne kacal, kowanne minti 90. In kuma wani mummunan abu ne ya taɓa faruwa da mutum yake ta dawo masa, akwai hanyoyi na musamman kamar EMDR, wadda ake amfani da motsin ido a cikinta yayin da mutum yake tuno abin, su ma ba a fara tono abin sai an koya wa mutum yadda zai riƙe kansa.

Don haka ki tambaye ta kawai: wace hanya kike bi, kusan zama nawa kike hasashe, ta yaya za mu san ana ci gaba?

Maman_Biyu ta sake amsawa:

Baƙon dare ya faɗi gaskiya, ban musa ba, sai dai kar ki shiga kina neman laifinta tun daga ƙofa, ƙanwata, don wani lokacin abin da zai sa ki ji haushinta shi ne ta taɓo inda yake ciwo. Bambancin da ni na gani, in tambaya ce ta yi min zafi, bayan kwana biyu sai in ga tambayar tana da gaskiya, in kuwa raini ne to ko bayan wata raini ne. Kuma duk wanda ya faru ana faɗa a ɗakin, "maganar da kika yi wancan satin ta ɓata min rai", ni ranar da na iya faɗin haka zaman ya fi kowanne amfani.

Aikin gidan da ɗalibarmu ta ce, a nan ake samun canjin gaskiya, don awa ɗaya ce a sati kike tare da ita, sauran duk ke kaɗai ce da rayuwarki. In ba ki yi ba kar ki fasa zuwa don kunya, ba makaranta ba ce, ki je ki ce ban yi ba, dalilin rashin yin ma abin dubawa ne. Sauƙin kuma ba a layi ɗaya yake tafiya ba, sati biyu lafiya, na uku ki koma kamar ba a taɓa komai ba, sannan a sake tashi. Ni mutanen gida ne suka riga ni lura, aka ce na daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba.

Na ranar: ki tafi da sunayen duk magungunan da kike sha ko ki ɗauki hoton kwalayensu a waya, da takardar da likita ya ba ki, da sakamakon gwaje-gwajen nan. Ki isa da ɗan wuri saboda fom. Ki rubuta abu biyu ko uku da kike so su canza, a sauƙaƙe, irin "ina so in riƙa barci" ko "ina so in daina tsoron ɗaga waya", don za ta tambaye ki me kike fata. In kina so wani ya raka ki ya raka ki, amma ya jira a waje sai in ke kika ce ya shigo. Ki tambayi yadda ake yi in ba za ki samu zuwa ba wani satin, da wa za ki tuntuɓa in abu ya taso tsakanin zama da zama, don yawancinsu ba sa hira ta WhatsApp kuma gara ki san haka tun farko. In kuma ta waya ko bidiyo za ku riƙa yi wani lokacin, ki nemi inda ba mai jin ki, ki sa abin kunne.

Shiru_shiru ta amsa:

To Alhamdu lillahi, na kwafe tambayoyin duka a waya, na Malam kan fayil da na ɗalibarmu kan zama nawa. Batun aikin zan kai mata shi yadda yake in ga ta inda za ta ɓullo. Mijina zai kai ni amma na faɗa masa a mota zai jira. Malam Nas tambaya ɗaya ta ƙarshe, maganin barcin da nake saya da kaina ba likita ne ya rubuta ba, shi ma in faɗa?

Malam_Nas ya amsa:

Shi ne ma na farkon faɗa. Sunansa, guda nawa kike sha, tun yaushe, kuma kullum ne ko jefi-jefi. Ba wanda zai yi miki faɗa. Wasu magungunan barcin in jiki ya saba da su yanke su kwatsam yana da haɗari, wasu kuma su da kansu suke ƙara kasala da ƙuncin da rana, don haka kar ki ƙara yawansa kuma kar ki daina da kanki kafin ranar, ki tafi da kwalin a jaka ta gani, ita za ta haɗa ki da likita a tsara yadda za a yi da shi.